Me ya sa har yau an kasa karya tarihin jifan guduma na 1986?

"Salam koci. Na kalli wasan ƙarshe na jifan guduma na maza a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya da aka yi a Tokyo, abu biyu suka ɗaure min kai. Na farko yaron nan ɗan Kanada mai gashin baki da ya ci zinare ba shi ne ya fi kowa jiki ba, akwai ƙarti da suka fi shi kauri amma ya bar su a baya. Na biyu na ji mai sharhi yana cewa tarihin duniya na wannan wasa tun 1986 aka kafa shi. To mutanen da sun fi na yanzu ƙarfi ne, ko dai akwai lauje cikin naɗi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Idan na fahimce ka kana tambaya ne me ke sa guduma ta yi nisa tunda ba girman jiki ba ne, sannan me ya hana 'yan zamani kamo abin da aka yi kusan shekara 40 da suka wuce. Tambayoyin nan biyu a haɗe suke, in ka gane ta farko rabin ta biyun ya warware.

Gasar da ka kalla ita ce ta Satumba 2025, yaron kuma Ethan Katzberg sunansa, ya jefa mita 84.70, wanda shi ne jifa mafi nisa da aka taɓa yi a gasar duniya tun da aka fara ta a 1983. Merlin Hummel na Jamus ya zo na biyu da 82.77, Bence Halász na Hungary na uku da 82.69. Tarihin da mai sharhin yake magana kuma na Yuriy Sedykh ne na Tarayyar Sobiyet, mita 86.74, ya yi shi ran 30 ga Agusta 1986 a birnin Stuttgart wajen gasar nahiyar Turai. Kaga tazarar da ke tsakani mita biyu ne da 'yan santimita huɗu. A talabijin ba ta da yawa, a wajen mai jifa kuwa aikin shekaru ce.

Abin da ake jefawa da yadda ake jefa shi

Dunƙulen ƙarfe ne da aka ɗaura wa waya mai mariƙi, nauyinsa gaba ɗaya kilo 7.26 ga manyan maza, tsawonsa daga mariƙi zuwa ƙarshen dunƙulen bai wuce santimita 121.5 ba. Mata kilo 4 suke jefawa, samari 'yan ƙasa da 20 kilo 6, 'yan ƙasa da 18 kilo 5. Ana tsayawa cikin da'irar siminti mai faɗin mita 2.135, an kewaye ta da keji na raga mai tsayi, kuma dole gudumar ta faɗi cikin layukan nan biyu da ka ga sun buɗe zuwa cikin fili. In ka taka saman bakin da'irar ko wajenta faul ne, in ka fita kafin ta sauka faul ne, in ka fita ta gaba maimakon ta baya shi ma faul ne, ko da kuwa jifan ya kai Sin. A tsarin da aka saba mutum 12 ke kaiwa wasan ƙarshe, kowa ya yi jifa uku, sannan a tace na gaba-gaba su ƙara, wanda ya kai har ƙarshe shida ke nan.

To yanzu ga maganar. Nisan jifa abu uku ke kawo shi, gudun da dunƙulen yake yi lokacin da aka sake shi, kusurwar da ya tashi, da tsayin wurin da aka sake shi. A cikin ukun nan gudu shi ne kusan komai. Kusurwa manyan 'yan wasa duk wajen digiri 40 ko sama kaɗan suke sakewa, babu wani bambanci na a zo a gani. Amma gudu, mai jefa mita 80 yana sakinta tana tafiyar wajen mita 28 a daƙiƙa ɗaya, wato kamar kilomita 100 a awa, kuma lissafin shi ne in ka ƙara mita ɗaya tak a daƙiƙa ka ƙara wa jifanka mita biyar zuwa shida. Shi ya sa duk wani horo da ake yi, ɗaga ƙarfe ne, tsalle ne, juyi ne, manufarsa ɗaya, a ƙara wa dunƙulen nan sauri.

Kuma ba hannu ke ba shi saurin ba, nan ne yawancin masu kallo ba sa lura. In ka taɓa wurga majajjawa don korar tsuntsu a gona ka san ba ƙarfin damtse ke kai dutsen nesa ba, tsawon igiya ne da saurin juyi da sanin lokacin saki. Mai jifa yana fara lilo da gudumar ta saman kansa sau biyu yana tsaye ya juya wa fili baya, sannan ya shiga juyi, uku ko huɗu, yana juyawa kan dunduniya da tafin ƙafar hagu in na-dama ne, ƙafar dama tana tashi tana sauka. Hannuwa a miƙe suke sambal kamar ci gaban wayar ne. Lokacin da ƙafa biyu suke ƙasa shi ne lokacin da ake iya ƙara wa guduma gudu, lokacin da ƙafa ɗaya ta tashi kuwa ba abin da kake yi sai neman kada ka yi asarar abin da ka tara. Gwani shi ne wanda ke saurin maido da ƙafar dama ƙasa, ya daɗe a ƙafa biyu, kuma kowane juyi ya fi na bayansa sauri ba tare da ya tanƙwara hannu ba. A juyin ƙarshe jan da wayar ke yi wa mutum ya kai na wajen kilo 300, shi ya sa ka ga kamar suna zama a kan kujerar da babu, suna jingina baya don kada ta fizge su, shi ya sa kuma suke sa safar fata a hannun hagu.

Kaga ke nan ana buƙatar ƙarfi, ba wai ba a buƙata ba, rago ba zai riƙe kilo 300 yana juyawa kan ƙafa ɗaya ba. Amma ƙarfin yana da iyakar da in ka kai ta ƙarin da za ka yi ba ya ƙara ko taku ɗaya, wani lokaci ma ƙiba rage maka saurin ƙafa take yi cikin da'irar da ba ta da wani faɗi. Katzberg dogo ne, ya kai wajen mita biyu, hannuwansa zaƙo-zaƙo, ya yi ƙwallon kwando yana makaranta, saboda haka da'irar da gudumarsa ke zagawa ta fi ta gajeren mutum faɗi, kuma duk tsayin nan ƙafarsa na da sauri, wanda ba kasafai ake samun dogo da haka ba. Ka sake kallon bidiyon ka bar kallon gudumar, ka kalli kafaɗunsa, a sake suke kamar ba abin da yake yi. Yana da shekara 21 ya ci gasar duniya a Budapest a 2023 da mita 81.25, ya zo Olamfik ta Faris a 2024 ya jefa 84.12 a jifansa na farko, babu wanda ya ma kai 80 a ranar sai shi.

Ni dai a ɗan aikin da nake yi da yaran sakandare, ƙaton yaro mai ji da ƙarfi shi ya fi ba ni wuya. Da ya ji nauyi a hannu sai ya ja ta jikinsa, gwiwar hannu ta lanƙwashe, kai ya riga guduma juyawa, ƙarshenta ko ya faɗi ko ta tafi gefe. Siririn yaro da ya san ba zai iya kokawa da ita ba shi ne ke saurin koyon haƙuri, ya bar ta ta yi gaba ya bi ta. Makonnin farko ma ba na ba su guduma, sandar tsintsiya nake ba su su ɗora a kafaɗa su yi ta juyin dunduniya da tafi a kan siminti har takalmi ya cinye ta gefe ɗaya, iyaye su zo suna tambaya wane irin wasa ne wannan. Kuma tunda maganar ta zo, don Allah duk wanda ya karanta wannan kada ya je ya ɗaura dutse a waya ya ce zai gwada a filin unguwa. Mu da ba mu da keji sai filin ya zama wayam muke jifa, kowa ya koma baya can nesa, domin sabon mai koyo bai san inda za ta nufa ba, kuma waya tana tsinkewa.

Zamanin Sedykh

Kafin a yi maganar lauje sai an san wane irin zamani ne ya haifi 86.74. Tarayyar Sobiyet ta mayar da jifan guduma kamar gadon gidansu. A Olamfik ta 1976 a Montreal su suka kwashe zinare da azurfa da tagulla, a Mosko 1980 haka, a Seoul 1988 haka. Wanda ya horar da Sedykh shi ne Anatoliy Bondarchuk, shi kansa ya ci zinare a Munich 1972, kuma mutum ne mai bincike da rubuce-rubuce kan horo, ya shahara da jefa guduma masu nauyi daban-daban, mai sauƙi don sauri mai nauyi don ƙarfi, da kuma ra'ayin cewa duk atisayen da ba ya ƙara nisan jifa ɓata lokaci ne ko da yana ƙara tsoka. Gwamnati ke ɗaukar nauyin komai, ana zaƙulo yara tun suna ƙanana, ɗan wasa ba shi da wani aiki sai jifa safe da yamma.

Sannan Sedykh ba shi kaɗai ba ne, yana da kishiya, Sergey Litvinov, wanda ya ci gasar duniya ta 1983 da ta 1987 da zinaren Seoul, inda ya jefa 84.80 da har yau shi ne tarihin Olamfik. Su biyun nan suka yi ta ture juna. A birnin Cork na ƙasar Ailan a Yulin 1984, Litvinov ya karya tarihin duniya, ba a tashi daga filin ba Sedykh ya ƙwace da 86.34. A 1986 Litvinov ya kai 86.04, a Stuttgart kuma shi ya fara buɗe wasa da jifan da ya haura 85, abin da ya tilasta wa Sedykh fito da duk abin da ke cikinsa. Ni a ganina wannan na cikin manyan dalilai da mutane ke mantawa. Mutum ba ya kaiwa ƙarshen iyawarsa sai an matsa masa, kuma mai jefa 82 ya ci zinare ba shi da dalilin kasadar neman 86.

Wani abin mamaki, Sedykh juyi uku kawai yake yi, alhali Litvinov da kusan duk manyan yau huɗu suke yi. Ba wani dogo ba ne can, amma in ka samu tsohon bidiyonsa ka rage gudunsa za ka ga yadda ƙafar damansa ke sauka da wuri, da yadda yake tura gudumar hagu ya bar ta ta yi faɗi. Masu koyarwa har gobe da bidiyon nan suke koyarwa. Kuma ya daɗe yana yi, yana da shekara 31 ya kafa tarihin, yana da 36 ya ci gasar duniya ta 1991, ita ma a Tokyo. Ya rasu a 2021.

Maganar ƙwaya

To lauje fa? Ba zan ɓoye maka ba, zargin yana nan kuma ba daga sama ya faɗo ba. Shekarun 1980 lokaci ne da gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari bai yi ƙarfi ba, yawanci a ranar gasa ake gwada mutum, wanda ya san lissafi sai ya daina sha kafin lokacin. Gwajin ba-zata a lokacin atisaye daga baya ya kankama, hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ma sai 1999 aka kafa ta. In ka duba tarihin wasannin jifa da yawa, musamman na mata, za ka ga na shekarun nan ne suka ƙi karyuwa, kuma abin da Jamus ta Gabas ta yi na bai wa 'yan wasanta ƙwaya da sanin hukuma ya fito fili bayan rushewar katangar Balin. Shi Sedykh an zarge shi, Grigory Rodchenkov tsohon shugaban ɗakin gwaji na Mosko ya ambace shi, Sedykh kuma ya musanta, tarihin nasa kuma yana nan ba a soke ba. Iyakar abin da ke a fili ke nan, kuma mutumin ya riga mu gidan gaskiya, ba zan ɗora masa abin da ba a tabbatar ba.

Wasan kansa dai ya sha fama da wannan cuta bayan zamaninsu. A Olamfik ta Atina 2004 Adrián Annus na Hungary ya ci zinare aka ƙwace saboda batun gwaji aka bai wa Koji Murofushi na Japan. Ivan Tsikhan na Belarus ya jefa 86.73 a 2005, santimita ɗaya ya rage ya kamo Sedykh, daga baya aka sake gwada tsofaffin samfurinsa aka soke sakamakon. Wato mutum ɗaya da ya zo dab da tarihin ma ba da hannu mai tsabta ya zo ba, wannan kuwa dole ya sa mai hankali tunani.

Sai dai ni ban yarda ƙwaya kaɗai ta bayyana 86.74 ba. Da ita ce kawai, da an samu mutum goma a zamanin da suka jefa 86, tunda ba mutum biyu ne kaɗai ke da hanyar samunta ba. Biyu ne suka kai, kuma su ne biyun da kowa ya yarda sun fi kowa iya juyi.

Sauran dalilan

Akwai na doka. A 2003 an rage faɗin filin da guduma za ta faɗi daga digiri 40 zuwa 34.92, an kuma ƙara wa keji tsayi da tsaro saboda haɗari, to mai jifa na yau ƙofarsa ta fi ƙunci, kuskure kaɗan sai ka ji ta daki raga. Wannan ba ya rage gudun guduma amma yana sa mutum taka-tsantsan, kuma jifan tarihi ba ya son taka-tsantsan.

Akwai na kuɗi, wanda ni na fi ba shi nauyi. Da Sobiyet ta wargaje a 1991 tsarin nan na ɗaukar nauyi ya tafi da ita, masu horarwa suka watsu duniya. Sannan da aka fara gasannin Diamond League, manyan gasannin guje-guje da tsalle-tsalle na shekara-shekara masu ladan kuɗi, a 2010 ba a sa guduma a ciki ba, aka ware mata wata 'yar gasa daban mai ƙaramin lada, dalilin da ake bayarwa shi ne tana buƙatar keji babba, tana farfasa ciyawar filin ƙwallo, kuma ana tsoron haɗari. Yaro dogo mai ƙarfi mai saurin ƙafa a Amurka ko Turai, ga ƙwallon kwando ga zari-ruga suna kiransa da miliyoyi, me zai kai shi wasan da sai ya shekara goma yana juyi kafin a san da shi? Ƙasashe kaɗan ne suka riƙe abin, Poland da Hungary a gaba. Paweł Fajdek na Poland ya ci gasar duniya sau biyar a jere, 2013 da 2015 da 2017 da 2019 da 2022, amma jifansa mafi nisa a rayuwa bai kai 84 ba. Shi ne kuma misalin yadda wasan nan ke da wulaƙanci, a Olamfik ta Landan 2012 faul uku ya yi a zagayen share fage ya koma gida, a Rio 2016 ma bai kai wasan ƙarshe ba, sai a Olamfik ta Tokyo a 2021 ya samu tagulla ranar da ɗan ƙasarsu Wojciech Nowicki ya ci zinare. A Rio ɗin nan mita 78.68 ta isa Dilshod Nazarov na Tajikistan ya ci zinare, ka kwatanta da 84.80 na Seoul ka ga yadda abin ya ja baya.

Ko Katzberg zai karya?

Ga wani abu da zai ba ka sha'awa. Bondarchuk ɗin nan da ya horar da Sedykh daga baya ya koma garin Kamloops a Kanada, ya horar da Dylan Armstrong mai jifan dalma wanda ya samu tagullar Olamfik ta 2008, shi kuma Armstrong shi ne kocin Katzberg a wannan garin. Kaga ilimin da ya haifi tarihin 1986 shi ne ya zagayo ta hannun almajiri. Ba mamaki Kanada ta zama abin da ta zama, don a ɓangaren mata ma Camryn Rogers 'yar Kanada ce ta ci gasar duniya ta 2023 da Olamfik ta Faris da gasar duniya ta Tokyo, duk da ita wajen wani koci daban take.

Ra'ayina, kuma ra'ayin mai koyar da 'yan makaranta ne da ke kallon manya ta allo kamar yadda kake kallo, ban taɓa tsayawa bayan keji ana jefa 80 ba, shi ne in akwai wanda zai iya a cikin waɗanda ke fage yanzu to shi ne. An haife shi a 2002, masu jifan guduma kuwa sukan nuna ne wajen shekara 28 zuwa 32, kuma ya riga ya haura 84 a wurare daban-daban, har da Nairobi a Afrilun 2024 inda ya yi 84.38, wato ba sa'ar rana ɗaya ba ce. Abin da ya rage masa a lissafi bai kai ƙarin rabin mita a daƙiƙa ba, sai dai a wannan matakin ɗan wannan ƙarin shi ne mafi tsada, kuma baya da gwiwa da ke ɗaukar jan kilo 300 dubban sau a shekara ba a yi musu alkawari.

Abin da ya fi ba ni fata ma ba shi ba ne, na bayansa ne. A Faris ya yi wasa shi kaɗai, na biyu bai kai 80 ba. A Tokyo kuwa sai da Hummel ya sha gabansa a zagayen farko da 82.77 ɗin nan, sannan ya dawo a jifa na biyu ya saki 84.70. Hummel sa'ansa ne, Mykhaylo Kokhan na Yukren da ya ci tagulla a Faris shi ma matashi ne, Halász kuma bai gaji ba. In waɗannan suka riƙa jefa 83 suna hana shi sakat, to ka sa ido a gasar duniya ta Beijing a 2027 da Olamfik ta Los Angeles a 2028, lokacin yana da shekara 25 zuwa 26.